Hattara da masu cewa za su dawo maka da bayanan RAID daga nesa

Jama'a, a yi hankali da masu talla a Facebook da WhatsApp cewa duk RAID ɗin da ya mutu (wato faya-fayan ajiyar bayanai na kwamfuta, hard disk, da aka haɗa suna aiki kamar faifai ɗaya) za su dawo da bayanansa ɗari bisa ɗari, ba tare da sun ko ga faifan ba. Salon nasu ɗaya ne. Su ce ka saka AnyDesk ko TeamViewer (manhajojin da ke ba wani damar sarrafa kwamfutarka daga nesa), ka ba da rabin kuɗi, su shiga na'urarka. Can sai su turo hoton jerin sunayen fayiloli, su ce cika kuɗi ka karɓi kayanka. To, ganin suna ba shi ne samun fayil ba. Inda sunaye ke zaune dabam, inda cikin fayil yake dabam, kuma manhajar kyauta ma tana fito da sunayen. Mutum ya biya, ya buɗe, ya tarar da shara.

Asarar kuɗin ma da sauƙi a kan ɓarnar da suke yi wa faya-fayan. Nau'in da ake kira RAID 5 rashin faifai ɗaya kawai yake jurewa. In ɗaya ya faɗi, sake gina bayanansa a sabon faifai sai an karanta sauran kaf, daga farko har ƙarshe. Yawancin faya-fayan gida, masu ƙera su sun rubuta cewa ana iya cin karo da gurbin da ba ya karantuwa sau ɗaya a kusan terabait 12 da rabi. In akwai faifan da ya riga ya fara ciwo, wannan doguwar wahalar ce ke ƙarasa shi. Ɗan damfara kuwa da nan yake farawa: ya tilasta sake gini, ko ya buga mdadm --create (umarnin haɗa sabon RAID), ko fsck, ko chkdsk (umarnin gyaran tsarin fayiloli). Dukkansu rubutu suke yi a kan faifan, abin da aka danne da sabon rubutu kuwa ba ya dawowa. Wani ma ya mayar da faifan da ya fita tun watannin baya, tsohon bayani ya cakuɗe da sabo.

Aikin gaskiya da kashe na'urar yake farawa. A sa wa kowane faifai lamba bisa ramin da aka ciro shi, don jerin yana da muhimmanci. A duba lafiyarsa da manhajar smartctl, musamman layuka masu lamba 5 da 197 da 198 a rahoton da take fitarwa. In ainihin ƙidayarsu (RAW_VALUE) ta wuce sifili, akwai gurabun da suka lalace. Sai a kwafe kowanne zuwa sabon faifai mai girmansa ko fiye, da ddrescue (manhajar kwafar faifai mai ciwo), tare da fayil ɗin taswira don in aiki ya katse a ci gaba daga inda aka tsaya. Ita ddrescue wurare masu lafiya take fara kwashewa, daga baya ta koma kan masu gardama. A kan kwafin ake harhaɗa RAID, a yanayin karatu kawai, bayan umarnin mdadm --examine ya nuna faifan da ƙidayarsa ta tsaya a baya, wato mai tsohon bayani. Faifan da ke ƙas-ƙas kuwa kada a sake kunna shi, kada a sa shi a firiza. Wannan aikin ƙwararru ne, a ɗaki marar ƙura.

Kafin ka miƙa wa kowa faya-fayanka, rubuta lambar siriyal ta kowanne, don ana musanya su. Tambaye shi a kan me zai yi aiki, na asali ko kwafi. In ya ce kwafi ɓata lokaci ne, ɗauki kayanka. Ranar biya kuma kai za ka zaɓi fayilolin gwaji, har da manya masu gigabait da yawa, ka buɗe su da hannunka, domin su ne ke tona asirin RAID ɗin da aka harhaɗa ba daidai ba.