Na'urar sanyaya gwiwa ta yi mini rana, amma ta jiƙa mini bandeji da tsakar dare

Tun kafin a yi mini tiyatar sauya gwiwa ake ta yaba mini wannan na'ura, shi ya sa na saye ta na ajiye. Ba wata aba ce mai wuyar sha'ani ba. Ƙaramar kula ce da ake zuba wa ruwa da ƙanƙara, da ɗan famfo a murfinta yana tura ruwan ta tiyo zuwa wata shimfiɗar roba da ake naɗawa a gwiwa, ruwan ya zagaya ya koma.

Ranar farko ban ma san amfaninta ba, don allurar kashe jijiya da aka yi mini a cinya tana aiki, har an tashe ni na taka ƙasa ina ta cika baki. Irin wannan allura galibi ba ta wuce awa 12 zuwa 24, kuma da ta sake ni na san an taɓa ƙashi. Gwiwa ta kumbura suntum, ta ɗauki zafi, fatar har ƙyalli take. A nan na'urar ta nuna kanta. Jakar ƙanƙara sanyinta wuri guda yake tsayawa, ta narke tana ɗiga, wannan kuwa sanyin bai ɗaya yake kewaye gwiwar har bayanta. In na yi minti 20 da ita kafin atisayen lanƙwasa ƙafa, sai in ji zan iya jurewa. Likitan fisiyo, mai koya mini atisayen ƙafa, ya ce so yake lanƙwasuwar gwiwar ta kai digiri 90 cikin makonnin farko, kuma kumburi ne babban abin da ke hana gwiwa lanƙwasuwa. A lokacin da an ce in ba ta maki, duka zan ba ta.

To, sai daren da ta tsiyaya. Ina kwance idona biyu, dama wa yake barcin kirki a waɗannan kwanaki, diddigena kan filo kamar yadda aka umarce ni, don an hana ni sa filo ƙarƙashin gwiwa kada ta saba da lanƙwashewa ta ƙi miƙewa. Na kunna na'urar tana ɗan ƙuginta. Can sai na ji sanyi a bayan cinyata, inda bai kamata ba. Na kai hannu, zanin gado sharkaf. Wurin da tiyo yake haɗuwa da shimfiɗar ne ya saki, famfo kuma bai san an yi ba, yana ta turo ruwa. Ga ni ba na iya zabura, sandar dogarawa ta zame ta faɗi nesa da gado, makunnin kuma a jikin kular yake a ƙasa. Wanda ya ƙera abin nan don marasa ƙafa, me ya hana shi sa makunni inda hannu zai kai?

Ɗiyata ce ta jiyo kirana ta shigo a guje ta zare wayar wuta. Da ta haska fitila ta ce, "Baba, bandejin ya jiƙe fa." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Katifa ba ta dame ni ba. An ja mini kunne sosai cewa ɗinkin ya zauna a bushe, saboda in ƙwayar cuta ta kai ga ƙarfen da aka dasa, liƙewa take yi a jikinsa, magani kaɗai ba ya cika fitar da ita, sau da yawa sai an sake buɗe gwiwar. Muka kira asibiti a daren. Nas ɗin da ta ɗauka, Allah Ya saka mata, ta tambaya ko ruwan ya shiga ƙarƙashin bandejin, ko akwai zazzaɓi, ko wurin ya yi ja ko yana fitar da wani ruwa. Da safe aka sauya shi, aka ce ɗinkin lafiya lau. Alhamdulillahi. Amma wahalar shiga mota da fita da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, wannan na'urar ce ta jawo mini.

Masu sayarwar kuwa sun fi yoyon ba ni haushi. Da farko suka ce ba a danna mahaɗin da kyau ba ne. Ɗiyata ta tura musu hoton tsagar da ke jikin robar ƙiri-ƙiri. Sai suka koma cewa in mayar musu da ita gaba ɗaya su duba, a jira makonni. Makonni? Abin da aka saya don kwanakin farko, lokacin da kumburi yake ganiyarsa?

Tunda na fara, bari in ƙara da takardar bayaninta. Gargaɗin a sa kyalle tsakanin roba da fata yana can ƙasa da rubutu ƙanana. Alhali fatar gefen ɗinki takan mutu ba ta jin komai bayan wannan tiyata, sanyi zai iya ƙona ta mutum bai sani ba. Ni a bakin likitan fisiyo na ji, shi ne ma ya ce in riƙa ɗagawa ina duba launin fatar.

Ban daina amfani da ita ba, don har yanzu babu abin da ke kwantar mini da zugin kamarta. Mun naɗe mahaɗin da salatif, mun ajiye tawul a ƙasansa, kuma ba na kunna ta sai da mutum a ɗakin. Maki biyu da rabi cikin biyar. Mai niyyar saye ya cika ta da ruwa ya bar ta tana aiki a ƙasa tun kafin ranar tiyata, ya jijjiga mahaɗin da hannu ya gani.