Tsohon kit ɗin taragon wutsiya na HO: jikin ya yi, shasin ya ci amana

Ga mai son haɗa gajeren taragon ma'aikata irin wanda ake jonawa a wutsiyar jirgin kaya a ƙananan layukan reshe na Amurka, jikin wannan tsohon kit ɗin (sassan ɗan ƙaramin samfurin tarago da mutum ke haɗawa da kansa) ya burge ni. Robar tana karɓar zarto ba gardama. Taragon mai tsawon ƙafa 30 ne, wato milimita 105 a ma'aunin HO na 1:87. A cire milimita 21 daga tsakiya, a bi layin zanen katakon, ya koma ƙafa 24, kuma mahaɗin ya ɓuya a cikin zanen. Ɗan ɗakin leƙe na kan rufi ma ana iya matsar da shi gefe guda.

Shasin ne ya ɓata min rai ƙwarai. Na zubin tutiya ne, kuma tun a cikin kwali ya kamu da ciwon nan na tsohuwar tutiya: idan dalma ta gauraya da ita wajen zubi, da shekaru sai ƙarfen ya kumbura, ya lanƙwashe, ya tsattsage. Zarto na taɓa shi ya ɓare gida biyu, gurbin sukurun ƙafafun ya marmashe kamar busasshen yumɓu. Gam ba ya gyara wannan, domin lalacewar tana cikin ƙarfen ne kuma ba ta tsayawa. Wanda ya sayar bai ce uffan ba, alhali ƙananan tsagun suna nan ga duk wanda ya kai shi gaban haske. Kafin ka saya, ɗora shasin a kan gilashi. Idan yana rawa, ko ya ƙi shiga jikin sai da dole, ya riga ya tafi.

Mafita ita ce sabon bene daga farantin robar sitirin mai kaurin milimita 1, a ninka biyu, a huda wa sukuru mai lambar girma 2-56. Amma tutiyar ce nauyin taragon, yanzu babu ita. Ƙa'idar nauyi ta NMRA, ƙungiyar masu haɗa samfurin jiragen ƙasa ta Amurka, a HO oza ɗaya ce, da ƙarin rabin oza ga kowane inci na tsawon taragon, don haka wannan yana son kusan giram 75. A manna nauyin a ƙasa, daidai tsakiya, in ba haka ba zai riƙa sauka daga dogo a kwana. Tsakiyar ƙugiyar jonawa ta tsaya milimita 9.9 daga saman dogo. Idan ta yi ƙasa, washa ja (siririn zoben da ake sa wa sukuru) ta kamfanin Kadee a kan kowace ƙafa tana ɗaga ta.

Da na ce a saya saboda jikin kawai. To amma mariƙan hannun ma zube suke da jikin, masu kauri, sai an kankare su an sa wayar milimita 0.3 ɗaya bayan ɗaya. Ga kuɗin cikakken kit, rabin kit aka ba ni.