Yadda ake raba shara a gida a Jamus, da abin da zai yi aiki a Maradi

Ƴan'uwa na Maradi, gaisuwa mai yawa daga Jamus. Kun sha tambayarmu yadda ake yi da shara a nan, tun da ba ku ganin juji a hotunan da ake turo muku. Aikin daga madafa yake farawa, can ake raba ta kafin ta kai ƙofar gida.

A farfajiyar gidajen haya akwai manyan kwandunan roba masu taya da marufi, galibi masu cin lita 120 ko 240, na dogayen benaye har 1,100. Shuɗi na takarda da kwali ne. Mai ruwan ƙasa na ragowar abinci da ɓawo, ko da yake a Hambug kore ne. Rawaya na duk abin da aka ƙunso kaya a ciki: leda, robar yogot, gwangwanin tumatir, kwalin madara. Wasu garuruwan buhun leda rawaya suke rabawa a madadin kwando. Tsarin rawayan ya fara a 1991, kuma kamfanonin da ke ƙunsa kaya su ke biyan kuɗin kwasarsa. Baƙin kwando, na tarkacen da ya rage, shi ne masu gida ke biya wa kuɗi mai nauyi, ana kasa shi a kan ƴan haya. Kada ku ɗauka tsabar son tsafta ce kawai, duk wanda ya rage baƙin kwando ya rage wa aljihunsa.

A cikin ɗaki ba wani kayan alatu ake sa wa ba. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke ana jera bokiti biyu ko uku. Na ragowar abinci da gangan ake zaɓar ƙarami, lita 5 zuwa 10, don ya cika da wuri a zubar kafin ya yi wari. Ana shimfiɗa masa tsohuwar jarida ta tsotse ruwa, ba a sa leda. Robar yogot ba a wanke ta, a kankare da cokali ya isa, amma dole a ɓare marufin alminiyam daban, kuma ba a cusa wata roba cikin wata. Dalili shi ne injin tantancewa abu ɗaya yake ganewa a lokaci guda. In ya ga biyu a manne, sai ya tura su inda bai dace ba. Buhun rawaya kuma siriri ne, bakin gwangwani na yaga shi, shi ya sa ake lanƙwasa marufin zuwa ciki. Takardar rasit ta kanti da takarda mai maiƙo baƙin kwando suke shiga. Idan aka cakuɗa, masu kwasa kan manna takardar gargaɗi su wuce su bar kwandon.

Abin da ya fi burge baƙo shi ne kuɗin jingina da suke kira Pfand. Tun 2003, robar ruwa ko gwangwanin lemo na sha-ka-yar akwai santi 25 na Yuro a kansa, kusan dala 33 ke nan a kuɗin sefa. Kwalaben da ake sake cikawa santi 8 ne ko 15. Ana tara su a babbar jaka bayan ƙofa, ranar cefane a zura su ɗaya bayan ɗaya cikin inji a kanti, ya fitar da takardar kuɗi. Injin tambarin jikin robar yake karantawa, don haka wadda aka matse ko aka ɓare wa takarda sai ya turo ta waje. Sauran kwalabe ana kai su manyan akwatuna a unguwa, fara daban, kore daban, mai ruwan ƙasa daban, ba a kuma jefawa ranar Lahadi ko da dare saboda ƙara.

Kwandunan nan ba za su yi muku amfani yadda suke ba, domin bayansu akwai motocin kwasa masu zuwa a kan ƙa'ida da masana'antun tantancewa. Amma kuna da abin da ba mu da shi: mai saye yana zuwa har ƙofar gida. Ƴan gwangwan na neman ƙarfe da alminiyam, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa na neman robobi, masu lambu a bakin Gulbi na neman taki, awaki na jiran ɓawo. Abin da ke ɓata kayan shi ne zuba su wuri ɗaya da ruwan miya da toka.

Buhunan shinkafa uku da bokiti ɗaya mai marufi na ɓawo da ragowar abinci sun wadatar da gida. A rataye buhunan a ƙusa, a inuwa, sama da inda akuya ke iya miƙa wuya. Rana na cinye buhu har ya riƙa marmashewa, ta kuma sa roba ta yi gautsi. A buhun farko robobin ruwa da na lemo. A nan kun saɓa da Jamus: ku wanke da sabulu, ku kife ta bushe sarai, sannan ku mayar da marufin, kada ku matse. In aka rufe ta da danshi sai ta yi wari, mai zoɓo kuma ba ta sayen roba mara marufi. Wadda aka taɓa zuba wa fetur ko maganin ƙwari a huda gindinta, kada ta koma hannun mai abin sha.

Buhu na biyu na gwangwani. Mayen ƙarfen tsohuwar lasifikar rediyo zai raba muku su: wanda ya kama ƙarfe ne, wanda ya ƙi kamawa alminiyam ne, shi ya fi daraja, shi ake narkarwa a yi tukwane. Tun da a kan sikeli ake saye, a take su da ƙafa su baje. Da damina kada a bar gwangwani ko tsohuwar taya a buɗe, sauro na ƙyanƙyashewa a ɗan ruwan da ya kwanta cikin mako ɗaya ko fiye kaɗan. Kwali a warware shi, a ɗaure da igiya, a ɗora bisa bulo saboda gara.

Leda ce mai wuyar sha'ani. Nijar ta yi dokar hana ta tun 2014, ga ta nan dai a bisa ƙaya da cikin magudanan ruwa da tumbin dabbobi. A danna ta cikin buhu na uku, a ɗaure baki, kada a hura wuta da ita a madafa saboda hayaƙinta. Sharar tsakar gida kuwa mafi yawanta rairayi ne da toka. A tankaɗe ta da rariyar waya, a cire leda, sauran ya bi takin dabbobi zuwa gona, mai amalanke ya samu sauƙin kaya.

A Jamus duk kantin da ke sayar da batir dole ya karɓi matacce. Kafin a samu irin haka a gida, a tara su a gwangwanin madara mai marufi, busasshe, nesa da yara da murhu. Na salula a manne bakinsa da salatif, kuma wanda ya kumbura a fitar da shi daga ɗakin kwana, domin yana iya kama wuta.