Kwamfuta, samfla ko sintesaiza: wanne za ka fara saye in kiɗan gwaji ya kama ka?

Duk wanda kiɗan ƙungiyoyin makaɗa masu wasa da sautin lantarki irin su Kraftwerk ko Autechre ko Radiohead ya shiga masa jiki, akwai ranar da zai ce shi ma fa sai ya gwada da hannunsa, to daga nan ruɗani ke farawa domin kayan sun yi yawa kuma kowane kamfani cewa yake nasa ne ƙarshe. Ni dai abun da nake faɗa wa masu tambayata shi ne kar ka tashi neman ainihin na'urar da gwanayenka suka yi aiki da ita. Ka zauna tukuna ka saurare su da kyau, ka gano wane ɓangare na aikin ne yake tsuma ka. Ƙera sauti ne daga babu? Yanka sautin da aka naɗa ne a juya shi har ya ɓace wa mai shi? Ko jera bugu ne yana ta maimaituwa yana canza kama a hankali? Amsar nan ita za ta raba maka gardama kafin ka zaro ko kwabo.

Mu fara da kwamfuta tunda da yawanmu muna da ita a hannu. Wallahi babu hanyar da ta kai ta sauƙin kuɗi da faɗin abun yi. Manhajar haɗa kiɗa ta Ableton Live ta fito a 2001 daga Balin, kuma cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta akwai Gerhard Behles da Robert Henke, su kansu makaɗa ne masu ƙungiyar Monolake, shi ya sa tsarinta ya dace da mai son kunna guntayen sauti yana haɗa su kai tsaye ba sai ya shimfiɗa waƙa daga farko har ƙarshe ba. FL Studio ta fi daɗin jera bugu, kuma in ka saya sau ɗaya sabbin fitowarta kyauta ne har abada. Reaper kuwa ba ta da nauyi a tsohuwar laftof, suna ba ka kwana 60 na gwaji ba tare da an rufe maka komai ba. Sai kayan kyauta da ba su da iyaka: sintesaizoji na cikin kwamfuta irin su Surge XT, Vital, da Dexed wadda take kwaikwayon Yamaha DX7 ta 1983 har ma tana karɓar sautukanta na asali. In Autechre ne suke hana ka barci, ka sani Rob Brown da Sean Booth sun daɗe suna gina nasu tsarin a cikin manhajar Max, inda kiɗan ke fita daga dokokin da suka rubuta wa na'urar, kuma Pure Data ta Miller Puckette ƙanwar Max ce, ita kyauta take.

Matsalar kwamfuta biyu ce. Ta farko jinkiri, wato ka danna maɓalli sautin ya makara. Lissafin a fili yake, in ka sa ma'ajiyar sauti, wato guntayen sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, a 128 kan 48,000 a daƙiƙa jinkirin wurin bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, in ka kai ta 1024 ya haura kashi 21 kuma yatsunka za su ji shi sarai. Dan haka ka sa sawun kad na waje a lissafinka, irin ƙananan Focusrite Scarlett, da ɗan kibod na MIDI mai aika wa kwamfuta umarnin abun da ka danna, da yawansu ma suna zuwa da Ableton Live Lite a ciki. Ta biyun ta fi wuyar magani: komai yana nan, sautuka dubbai, sai mutum ya shafe dare yana zaɓe bai buga komai ba, ga saƙonni suna shigowa ta wannan fuskar dai da yake aiki a kai. Wasu ba ruwansu da wannan, wasu kuma yana kashe musu karsashi gaba ɗaya, kai ka san kanka.

Samfla kuma, nan ne zuciyata take, ba zan ɓoye ba. Na'ura ce da za ka naɗi kowane irin sauti ka zuba mata, ƙarar ƙofa, ɗigar ruwa, numfashinka, sai ka yanyanka shi, ka juya shi baya, ka rage masa gudu har ya koma kamar rugugin hadari, ka baza guntayen a kan maɓallai kana bugawa da yatsa. Wannan tunanin ya girmi na'urorin da kansu. Halim El-Dabh ya yi irinsa a Alƙahira tun 1944 da na'urar naɗar sauti ta waya, Pierre Schaeffer ya biyo a Faris a 1948 da ƙarar jiragen ƙasa, daga baya Roger Linn ya tsara wa Akai MPC60 a 1988 mai maɓallan roba 16, wadda zuriyarta makaɗin hip-hop J Dilla ya riƙe ya nuna wa duniya cewa bugun da bai zauna daidai kan layi ba ya fi rai. Abun da ya sa nake tura sabon shiga nan shi ne sautinka ba zai yi kama da na kowa ba tun ranar farko, domin kai kaɗai ka naɗo shi.

Uku nake gwadawa da juna. PO-33 ta Teenage Engineering ƙarama ce kamar kalkuleta, tana da makirfo a jikinta, batir biyu ƙanana, daƙiƙa 40 kacal take riƙewa, kuma wannan ƙuncin yana koya wa mutum yanke shawara da sauri, amma fa sautinta da ƙura-ƙura kuma ba za ta ɗauke ka nesa ba in kana son dogon aiki. Roland SP-404MKII ta 2021 ita ce ta mai son wasa da hannu, tana aiki da batir ko USB, ga kayan murɗa sauti jingim, ka naɗa ka lalata ka sake naɗar abun da ka lalata, haka dai har ka isa inda ba ka yi zato ba. Elektron Digitakt ta 2017 daga Suwidin halinta daban ne, ita ta mai lissafi ce, kowane taku a jerin bugun za ka iya kulle masa nasa saitin, ka ce wannan ya fito sau ɗaya cikin zagaye huɗu, wancan kuma a bar wa sa'a, sai ka ji ɗan jeri gajere yana ta canzawa minti goma bai gundure ka ba. Sai dai ba ta da batir, ta farkon ma ba ta naɗar sitiriyo, sai a Digitakt II ta 2024 aka gyara batun sitiriyon. Kafin ka sayi ko ɗaya cikinsu ka sauke Koala Sampler a wayarka ka yi wasa da ita na ɗan lokaci, in yankan sauti bai ja ka a can ba to a ƙarfe ma ba zai ja ka ba.

In kuwa Kraftwerk ne naka, wannan tsaftataccen sautin lantarki da Ralf Hütter da Florian Schneider suka fara ginawa a Düsseldorf daga 1970, to sintesaiza kake so, wato na'urar da ke ƙera sauti daga babu. Minimoog da suka yi amfani da ita sauti ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda, ba ta haɗa murya uku ko huɗu, kuma har yau yawancin ƙananan na analog haka suke, mutane na saye ba su lura ba sai sun je gida. Behringer Model D kwafinta ce mai araha, ba kibod a jikinta, kaurin sautin yana nan. Korg Volca da suka fara fitowa a 2013 suna da batir da ƙaramar sifika da jerin taku 16, suna da daɗin ɗauka, amma maɓallan juyawarsu ƙanana ne ƙwarai kuma kowace aiki ɗaya ta iya, ka sayi ɗaya sai ka ji kana buƙatar ta biyu. Ni a wannan sahun Arturia MicroFreak ta 2019 nake zaɓa wa mai son gwaji, tushen sautinta na dijital ne mai nau'i-nau'i, matacinta analog, kibod ɗinta kuma faranti ne da ke jin yawan fatar yatsanka da ta taɓa shi. Wanda ya saba da fiyano zai iya ƙin ta, kuma ba ta da amsa-kuwwa a ciki, dole ka ƙara mata daga waje, in ba haka ba sautin a bushe zai zo maka.

Kar tsadar tsofaffin injina ta ɗaga maka hankali. Roland TB-303 an yi ta ne a 1981 don ta maye gurbin gitar bes, ta kasa, aka daina ƙera ta, samarin Cikago suka tsince ta da araha a hannu suka murɗa maɓallanta yadda ba a tsara ba, wani sabon salon kiɗa ya fito daga nan. Jonny Greenwood na Radiohead shi kuma baya ya koma ya ɗauko ondes Martenot, wata tsohuwar na'urar kiɗan lantarki ta 1928.

Modula ita ce nake cewa a yi haƙuri a bar ta ƙarshe, duk da ita ta fi kowa kyau a ido da wayoyin nan nata kala-kala. Tsarin Eurorack da Doepfer ya kawo a tsakiyar shekarun 1990 yana ba ka damar haɗa injinka gunduwa-gunduwa, amma kafin ka ji ko ƙyas sai ka sayi akwati da na'urar wuta, sannan osileta mai haifar da sautin, mataci mai tace shi, mai buɗe sauti da rufewa, kowanne kuɗinsa daban, kamar ginin gida ne da kullum akwai ɗakin da ba a ƙarasa ba. Kuma in ka zare wayoyin sautin da ka haɗa ya tafi kenan, ba ajiya. VCV Rack kyauta ce a kwamfuta kuma tana koya maka wannan tunanin duka, har da kwafin kayan kamfanin Mutable Instruments a ciki. In bayan watanni har yanzu hannunka na ƙaiƙayin waya ta gaske, ka fara da rabin modula irin Moog Mother-32 ko Make Noise 0-Coast, suna yin sauti ko ba ka soka komai ba, Mother-32 ma ana iya cire ta a ɗaura a akwatin Eurorack daga baya.

Na hannu ba laifi ba ne, yawancin kayan nan suna da ƙarko, amma ka gwada kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya da hedfon a kunne, ka juya kowane a hankali ka ji ko yana ƙarar yashi ko lambar da ke fuska tana tsalle, ka girgiza kebul a ramukan. Ka tabbata adaftar wutar ta asali ce, domin Volca tsakiyar filoginta fozitif ne alhali na yawancin fedar gita negetif ne, su biyun kuma bolt 9, kuskuren nan yana iya ƙona na'ura. A Eurorack jan layin kebul ɗin wuta ɓangaren bolt -12 yake bi, ka duba sau biyu kafin ka kunna. Sannan MIDI, yarjejeniyar 1983 da ta sa injinan kamfanoni daban-daban ke jin maganar juna, umarni kawai take ɗauka ba sauti ba, dan haka kana buƙatar kebul na sauti daban, kuma ƙananan ramukan MIDI na yanzu nau'i biyu ne, A da B, ka duba littafin na'urarka ka ga wanne take so kafin ka yi odar kebul.