Kindirmo ko kafson kemis, wanne ya fi wa hanji?

Wata 'yar uwa daga wajen Ringim ta tambaya cewa ɗanta mai shekara 4 ya sha amoksisilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, cikinsa ya ɓaci. Mai kemis ya ce ta sayi kafson furobayotik, surukarta kuma ta ce kindirmo ya isa. Wanne za ta bi?

'Yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Duka biyun aiki ɗaya ake nema su yi. A hanjin kowannenmu akwai bakteriya tiriliyoyi, akasarinsu masu amfani ne: suna taya narkar da abinci, suna kuma cike gurbi ta yadda masu cutarwa ba za su samu wurin zama ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantancewa, yana haɗawa da nagarin, shi ya sa zawo ke biyo baya. Furobayotik, kamar yadda masanan hukumar lafiya ta duniya da ta abinci suka fayyace a 2001, ƙwayoyi ne masu rai da ke amfanar jiki idan an sha su da yawan da ya dace. Ki riƙe sharuɗɗan nan biyu: masu rai, kuma isassu.

Kindirmo na da ƙwayoyi masu rai. Ana tafasa madara, a bari ta huce, a zuba ɗan tsohon nono, a rufe ƙwarya da faifai ta kwana. Bakteriya irin su Lactobacillus ne ke cinye sukarin madarar su mai da shi tsami, har ta yi kauri. Shi ya sa wanda madara ke kumbura wa ciki sau da yawa yake shan nono lafiya lau. Ga shi abinci ne mai gina jiki, ga araha, yaro kuma ba sai an lallashe shi ba.

Inda nake jin tsoro shi ne tsafta. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar nan da ke sa shanu ɓari, kuma dukansu suna kama mutum. Wanda aka tsinka da ruwan rafi, ko ya wuni a buɗe a kasuwa ƙudaje na sauka a bakin ƙwarya, ana tsoma ludayi ɗaya ga kowa, zai iya ƙara wa yaron wata gudawar a kan ta farko. Tsamin nono ba ya kashe duk wata cuta. Sannan ba wanda zai iya gaya miki wane iri ne a ciki, ko nawa ne.

A nan kafso ya fi. An rubuta sunan ƙwayar da adadinta a jikin kwali, kuma wasu nau'o'in an gwada su an ga suna rage zawon da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke jawowa, musamman Lactobacillus rhamnosus GG da Saccharomyces boulardii. Na biyun yis ne, ba bakteriya ba, don haka maganin ba ya kashe shi. Na farkon kuwa a bar tazarar awa 2 tsakaninsa da maganin. Amma kafso na da tsada, kuma abu mai rai ba ya son zafi. Wanda ya yi watanni a kanta ƙarƙashin rufin kwano a zafin Afrilu, ba lallai ƙwayoyinsa su kai yadda aka rubuta ba. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ki tambayi yadda aka ajiye shi.

Ni dai da ɗana ne, zan sayi madara in tafasa da kaina in yi kindirmon a gida, in ba shi da fura ko haka nan. Kafso sai in ma'aikacin lafiya ya rubuta. Bakwaini da mai raunin garkuwar jiki kada a ba su sai da izinin likita, jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa kaɗai.

Don Allah kada ko ɗaya ya sa ki jinkirta ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, domin rashin ruwa a jiki ne ke kashe yara. In kin ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi shan komai, ki kai shi asibiti a ranar.