Tsohon Sea-Doo ya daina gudu: a gyara famfo ko a sayi wani inji?

Alhaji, ka ce babur ɗin ruwanka, Sea-Doo GTX na 1997, yana ta ihu a ruwan Ada da ke Ghana amma ya ƙi gudu, wani bakanike ya ce a buɗe famfo, wani kuma ya ce a samo inji hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, daga Tema. A buɗe famfo. Injin nan a ƙyale shi tukuna.

Babur ɗin ruwa ba shi da giya, ba shi da kuloci. Inji na juya sanda, sanda na juya farfela a cikin famfo, famfo ya zuƙo ruwa ta ragar da ke ƙarƙashi ya feso shi ta baya. Nauyin ruwan nan shi ne kayan da injin ke ɗauka. To idan ka matse totur ƙara ta haura sama nan take, babur kuwa yana jan ciki kamar motar da kulocinta ya cinye, injin ba shi da kaya a ka, ruwa na zille wa farfela. Injin da ya gaji shaƙewa yake yi, ba shi da ƙarfin ihu. Injin Rotax 787 da ke cikin wannan babur, mai silinda biyu da ƙarfin doki 110, idan yana da lafiya kuma famfo na kama ruwa, a hankali juyinsa ke hawa har ya tsaya wajen 6,800 zuwa 7,000 a minti, babur na tafiyar kusan kilomita 80 a awa. In agogon juyi ya mutu, akwai ƙaramin da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, yawancin masu gyaran injin kwalekwale suna da shi. Juyi ya kai ko ya wuce tun babur bai motsa ba, laifin famfo ne. Juyi ya maƙale ƙasa da 6,000 yana tari, wannan wata magana ce, zan zo kanta.

Fara da abin da ba ya cin ko sidi ɗaya. Ɗora shi a tirela, cire makulli, cire wayar batir, sannan ka kwanta ka haska raga da tocila. Ledar fiya-wata guda ɗaya da ta manne a bakin farfela ta isa ta raba ka da rabin gudunka. Haka zaren taru da ya naɗe sanda, haka ciyawar ruwan Volta. Zaren taru ya fi mugunta, domin yana shiga har bakin famfo ya ci robar da ke tare ruwa.

In babu komai, zagaya baya ka leƙa ta bututun da ruwa ke fita. Farfela tana juyawa ne a cikin wani zobe na roba mai tauri, masu sayarwa suna ce masa wiya-rin. Da gangan aka yi shi da roba don ya cinye a madadin gidan famfo. Tazarar da ke tsakanin bakin farfela da zoben ba a so ta wuce milimita 1. Karɓi siraran ƙarafunan da ake auna bakin fulogi da su, ka auna a tsakiyar kowane fiffike. Sabon zobe sumul yake, ka shafa da yatsa ba ka jin komai. Wanda ya ci yashi za ka ga layuka zagaye da shi kamar an ja ƙusa, wani wuri ma ya ɓantale. Ada kuwa gidan yashi ne, ga ɓawon kifin kwanso a ƙasan kogi wajen Big Ada, mutane kuma sun saba tada inji ruwa bai kai gwiwa ba. Kamfanin da kansa ya ce a sami aƙalla santimita 90 na ruwa a ƙarƙashin babur kafin a kunna. Ƙasa da haka famfo yashi yake sha.

Aikin sauya zoben na yini ɗaya ne ga mai natsuwa. A kwance wayar sitiyari da ta ribas, a cire ƙananan tiyo na ruwa, a kwance noti huɗu da ke riƙe famfo, a jawo shi baya a miƙe ba tare da an ɓamɓara da sukundireba ba. A cire bututu, a cire murfin nan mai tsini na baya a tsiyaye mansa a kofi. Dubi man da kyau: in ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga, sai an haɗa da sauya boris da robobin tare mai. Farfela tana da nata maƙulli mai haƙora, a saye shi tare da zoben, kada a bari wani ya ɗora mata kurfi da guduma. Tsohon zobe a tsaga shi da ruwan zarto wuri biyu, a hankali don kada a ci jikin gida, sai ya fita. Sabon a kwana da shi a firiza, da safe ya ɗan tsuke, a ɗora katako a kai a buga ta ko'ina daidai har ya zauna. A zuba man giya 75W-90 na sintetik, bai kai mililita 100 ba. A shafa giris a haƙoran sanda. Sannan a sa sabon soson roba tsakanin famfo da jikin babur, don ta nan ma iska ke kutsawa. Bakin farfela in ya ɗan lanƙwashe ana gyara shi da fayil, in ya tsage ko ya zaizaye sai sabuwa.

Irin naka gare ni, kuma duk kuɗin da na kashe masa babu mai albarkar na zoben nan. Da manya biyu a kai, kana matsawa hanci ya ɗaga ya sauka, ya shimfiɗe bisa ruwa, ƙarar ma ta koma mai nauyi mai daɗin ji.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa. A cikin babur, inda sanda ke huda jiki ta fita, akwai baƙin zoben kabon da wata roba mai lanƙwasa ke tura shi jikin farin ƙarfe. In ya cinye ko robar ta saki, famfo zai riƙa zuƙo iska daga ciki, babur ya ci gaba da zamewa ko da zoben famfo sabo ne fil. Alamarsa ruwa na taruwa a ciki. Abin da ke ƙona shi shi ne barin inji na aiki a tudu, domin ruwan kogi ne ke sanyaya shi, ruwan tiyo ba ya isa wurin. Ko wanke gishiri za ka yi, kada ya wuce minti biyar: inji farko sannan ruwa, a rufe ruwa farko sannan a kashe inji.

Injin hom-yus kuwa yana da ranarsa, amma ka ɗora shi a kan wannan famfon, ihun da tsohon ya yi shi zai yi. Ranar tasa sai ma'aunin matsi ya faɗa. A cire fulogi biyun, a maƙala wayoyinsu a mazaunin "earth" da aka tanada musu, a buɗe totur gaba ɗaya, a buga sitata. Lafiyayyen 787 yana ba da wajen 150 a ma'aunin psi. Ƙasa da 130, ko silinda ɗaya ta bambanta da 'yar'uwarta fiye da kashi 10 cikin ɗari, akwai aiki. Ko a nan ma na fi yarda a buɗe kai a sa sabon fistin da ringi a injin da ka san tarihinsa. Wanda ya kwana watanni a kwantena bayan ya sha ruwan gishiri a wata ƙasa, tsatsa na cikin boris ɗin ƙarankashaf inda ido ba ya kai. Kuma sai an daidaita shi da famfo da sandar awo ta musamman, in ba haka ba haƙoran sanda su cinye.

Idan kuwa gwaji ya nuna shaƙewa yake, dubi tiyon mai. In masu launin toka ne da ya zo da su daga kamfani, a cire su duka. Cikinsu na narkewa ya zama wani koren ƙulli da ke toshe 'yan ƙananan matatai a cikin kafireta biyun, da makunnin mai na gefe. Inji mai bugu biyu da mai bai ishe shi ba zafi yake yi har fistin ya narke, don haka kada a ce bari a lallaɓa a haka. Bawul ɗin RAVE biyu da ke bakin salansa suna daskarewa da baƙin hayaƙi, a zaro su a kankare. Fulogi NGK BR8ES, baki milimita 0.5 zuwa 0.6. Kada ka zuba masa firimis na masunta, fetur ɗin nan da aka gauraya da baƙin mai, don injin kwalekwale aka haɗa shi, naka yana da tankin baƙin mai daban da famfonsa. Man da Rotax ke so mai alamar API-TC ne, mai alamar TC-W3 na kwalekwale ne.

Ba ka tambaya ba, amma Alhaji ka yi hattara da masu sayarwa. Ana wanke inji a fesa masa fenti, a tada maka shi a tudu na daƙiƙa goma, kowane inji kuwa jarumi ne in babu ruwa a gabansa. Wasu suna ɗiga mai ta ramin fulogi kafin ka iso don matsi ya hau. Ka zo da ma'auninka, a auna bayan inji ya ɗumama, kuma in ba a yarda a gwada a ruwa ba ka riƙe kuɗinka. Kada ka tura momo, wato kuɗi ta waya, a kan hoto. Kayan gyaran kafireta na jabu sun yi yawa a leda mai sunan Mikuni, kamfanin da ya ƙera kafiretar, robarsu na kumbura ko ta bushe cikin ɗan lokaci. Zoben famfo kuma girma-girma ne: naka milimita 140, wani zai miƙo maka na 155 ya ce ai duk Sea-Doo ne. Tiyo, kilif, fulogi da man giya za ka samu a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra. Zobe, maƙullin farfela, zoben kabon da kayan kafireta gara a yi odarsu da lambar kaya daga dillali sananne a Amurka ko Kanada, wani mai dawowa ya riƙo maka, duka sa shiga jakar hannu.

Yi odar zoben 140 da sosonsa, maƙullin farfela da zoben kabon a lokaci guda, ka sauya tiyon toka kana jiran su iso. Kafin nan turo min lamba uku: juyin inji a cike, tazarar farfela, da matsin kowace silinda.