Aikin kicin ɗina: dutsen ya yi, amma ƙarƙashin sinki ya ƙona min rai

Tun da na saka hoton kicin ɗina bayan gyara mata ke ta tambayata wa ya yi min aikin, kuma dutsen nan na saman kanta wane iri ne. Na ce kowa ya dakata damina ta wuce tukuna, in ga yadda kayan za su yi da ruwa da danshi. To ta wuce, ga abin da na gani. Ba zan kama sunan shagon ba.

Maganar kuɗi kam ba sai na faɗa ba, kowa ya san inda kayan gini suka kai. Mun yi ciniki da mai shagon a kan abu uku: kabad na sama da na ƙasa, dutsen kanta, sai sa tayil a ƙasa da bango. Tayil ɗin ni na sayo da kaina a kasuwar Ƙofar Ruwa ta nan Kano, nasu aikin hannu ne kawai.

Bari in fara da dutsen, domin shi ne abin da har gobe nake jin daɗinsa. Ni da farin mabul na fito daga gida a raina, irin wanda ake gani a Instagram, fari tas da jijiyoyi ruwan toka. Mai shagon ya kai ni wurin masu yankan dutse da suke aiki tare, a can na haɗu da wani dattijo, Allah ya saka masa da alheri. Da na nuna mabul ɗin sai ya ce, "Hajiya, girkin gida za ki yi a kai ko ado?" Na ce girki mana, Baba. Ya ɗauko guntun mabul daga cikin tarkacen yanka, ya aika yaro ya sayo lemun tsami, ya matsa a kai ya bar shi muna ta hira. Da ya goge, wurin ya dushe, shekin ya tafi, in ka shafa da yatsa za ka ji kaushi. Ya matsa a kan guntun giranait, ya goge, ko alama babu. Ya ce mabul dangin farar ƙasa ne, duk abu mai tsami cinsa yake. Sai na tuna abin da ke zuba a kan kantata kullum: ruwan tsamiya na kunu, zoɓo, tumatir, ga manja da kurkum masu shiga jikin abu su zauna. Nan take na haƙura da mabul.

Da na koma kan baƙin giranait mai sheƙi ma bai bar ni ba. Ya ce a garin nan, da hunturu ya kama, sai dai in tsaya da tsumma a hannu, domin ƙura kaɗan ce za ta sauka baƙin ya nuna ta. Ya zaɓa min mai ruwan toka da ɗigo-ɗigon baƙi da fari, kauri santimita 2. Wallahi gaskiya ya faɗa min. Ina sauke tukunya daga wuta in ɗora a kai, manja ya zuba in goge da sabulu ya fita, hunturu ya zo ya wuce ban wahala ba.

Shi ne kuma ya ba ni guntun dutsen ya ce in sa a jaka in tafi da shi duk inda zan zaɓi wani abu. Haka na yi a Ƙofar Ruwa. Duk tayil ɗin da ya burge ni sai in sa a fito min da shi bakin ƙofa, in ɗora guntun a kai in duba a hasken rana, saboda fitilun cikin shago canza launi suke. Tunda dutsen yana da ɗigo-ɗigo, na ɗauki tayil marar zane, ruwan madara, mai santimita 60 da 60, wanda ba ya sheƙi. Mai sheƙin ya fi kyau a ido, amma ruwa ko mai ya zuba a kai santsi ne, ni kuma ina da ƙananan yara, ga Mama tana shigowa kicin in ta zo. Na kuma tsaya aka duba lambar da ke jikin kowane kwali ta zama iri ɗaya, domin tayil iri ɗaya ma in ba tare aka gasa shi ba launin yana ɗan bambanta. Kabad na ƙasa muka yi ruwan ƙasa mai duhu, na sama ruwan madara ya bi tayil. Duk wanda ya shigo sai ya ce masha Allah, kamar tare aka sayo su.

Da nan maganar ta tsaya, da ni zan riƙa kai musu mutane da ƙafata.

Tun ranar ciniki na ce wa mai shagon kabad na ƙasa gaba ɗaya marin bod nake so, wato katakon nan mai jure ruwa, musamman ƙarƙashin sinki. MDF kuwa, wanda garin katako ne aka danne, a yi murafen sama da shi, can ruwa ba ya kaiwa. Ya ce ba matsala, aka ƙara kuɗi a kan haka, aka rubuta a rasit. Rasit ɗin yana nan a hannuna.

Sai kuma maganar awo. Ranar da suka zo awon farko, ɗakin ba tayil a bango, ba kabad, yaron mai shagon ya auna tsawon dutse ya rubuta. Na ce, "Malam, ba sai an sa tayil an kafa kabad ba sannan a auna dutsen?" Ya ce, "Hajiya, kar ki damu, aikinmu ne, so muke mu rage miki jira." Gidanmu tsohon gini ne, bangon ba a miƙe yake sak ba. Da aka kawo dutsen aka ɗora, gefe ɗaya ya manne da bango, gefen sinki kuwa ya bar rata har yatsana yana shiga. Dattijon ba shi da laifi, awon da aka ba shi ya yanka. Na nuna musu, suka ce ai ƙaramin abu ne. Suka kwaɓa farin siminti suka cike wurin, suka shafe, ya yi fes a ido.

Siminti ba ya ba da kai. Ana wanke-wanke, ana ɗora manyan tukwane, kabad yana ɗan motsi, sai ya tsage siriri daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a bayan famfo inda ido ba ya kaiwa. Duk ruwan da ya fallatsa bayan sinki ta nan yake bi ya sauka. Lokacin zafi wurin yana bushewa da kansa. Da aka shiga watan Agusta, ruwa ba dare ba rana, sai na fara jin wani wari na danshi in na buɗe kicin da asuba. Na wanke kwandon shara, na zuba ruwan zafi a bututu, warin yana nan. Sai murfin kabad ɗin ya fara ƙin rufuwa. Ranar da na fito da bokitai da garin sabulu na leƙa da fitilar waya, gabana ya faɗi. Katakon ƙasa ya kumbura ya yi tudu, na baya ya yi baƙi da fumfuna, fatar da aka manna a baki ta ɓare ta lanƙwashe. Na danna da yatsa ya lotsa kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ga kyankyasai sun samu wurin zama.

A inda fatar ta ɓare na ga cikin katakon da idona. Marin bod in an yanka shi za ka ga falle-falle a jere, siraran katako ne aka haɗa da gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa. Wannan ba falle ko ɗaya, garin katako ne aka danne, ina murza shi yana zuba. Irin wannan in ya sha ruwa ya kumbura, ko ya bushe ba ya komawa. Wato kuɗin marin bod na biya, aka sa min abin da na ce ba na so, a daidai wurin da na fi jaddadawa, aka rufe da fata mai kyau don kar in gane.

Na kira, aka ce yaro zai zo gobe. Goben ta yi ta tafiya. Sai da Baban yara ya je shagon da kansa sannan mai shagon ya biyo shi. Ya durƙusa ya leƙa, ya miƙe ya ce min, "Hajiya, ai ruwa kuke zubarwa da yawa." Wannan maganar ta fi kumburin katakon ɓata min rai. Sinki ne fa. Me ake yi a sinki in ba zubar da ruwa ba? Da na ɗauko rasit sai magana ta juya, wai ai ba MDF ba ne, HDF ne, shi ma yana jure ruwa. HDF ɗin ai ɗan uwan MDF ne, garin katako ne aka fi danne shi, in ruwa ya samu bakin yanka shi ma tashi yake. Kuma ko da zinariya ne, ba shi muka rubuta ba. Duk wanda ya taɓa shiga 'yan katako na Na'ibawa ya san ba kuɗinsu ɗaya ba.

Gyaran ma ba sauƙi. In za a canza akwatin kabad ɗin gaba ɗaya sai an ɗaga dutsen, dutsen kuma a wurin ramin sinki ya yi siriri gaba da baya, ɗagawa kaɗan zai iya karyewa. Ba wanda ya yarda ya ɗauki wannan nauyin. Wani kafinta na samo ya yanke ruɓaɓɓen daga ciki, ya tokare dutsen, ya sa marin bod na gaske da na sayo da kuɗina. Aka kankare simintin aka zuba silikon, gam ɗin nan mai kama da roba. Dattijon nan ya yanka min siririn dutse mai tsayin santimita 10 aka bi bango da shi ya rufe ratar, ya karɓi kuɗin yanka kawai.

Mai tayil ɗinsu kam ba ni da abin cewa, yaro ne ɗan Kwatano mai natsuwa, da zare da ma'auni ya yi aikinsa, ka bi ƙasan da tafin ƙafa ba inda baki ya tashi. Durowoyin ma suna tafiya sumul. Shi ya sa wani lokaci nakan ce ko in yi musu uzuri, wataƙila yaran shago ne suka yi son rai mai gidan bai sani ba. Amma in na tuna ya ga katakon da idonsa ya ce ruwa muke zubarwa, sai uzurin ya fita daga raina. Sannan da kafintan ya zo ne ya nuna min wani abin: kabad ɗin gaba ɗaya a kan tayil suka zaunar da shi kai tsaye, ba ƙafa, ba ɗan dakalin siminti da ake yi don ya ɗaga shi. Duk gogen ƙasa da aka yi, ruwan yana taɓa gindin katakon. Yanzu na hana a zuba ruwa a ƙasan kicin, sai dai a matse tsumma a bi, a kicin da na zaɓi tayil ɗinsa musamman don in riƙa wanke shi.

Masu tambayata wa ya yi min aikin, zan kai ku wurin dattijon dutse da murna, in kuma an samu lambar yaron tayil ku riƙe shi. Kabad kuwa ku nemi kafintanku, ku sa a yanka katakon a gabanku kafin a manna masa fata, kuma kar a auna dutse sai an gama tayil an kafa kabad. Mai shagon ya yi wa Baban yara alkawarin mayar da bambancin kuɗin katako, har yau shiru, ga shi murfin da ke kusa da na sinki shi ma ya fara kumbura daga ƙasa.